Hotunan kakanninmu suna Rum, jikokinsu suna Keita

A duk lokacin da aka yi maganar baje kolin hotuna, sai wasu malamai su ɗaga kafaɗa su ce wannan harkar mutanen Yamai ce. Gidan tarihi na Boubou Hama da aka buɗe a 1959 yana can, wajen kilomita 500 daga Madawa, wa zai biya kuɗin motar aji guda? Na yarda tafiyar ta fi ƙarfinmu. Amma don ba mu iya zuwa Yamai ba, sai yaranmu su tashi ba su taɓa tsayawa gaban hoton ƙasarsu ba? Wannan kam ƙiwa ce, kada a ɗora wa talauci.

Ku dubi Keita. A 1984, shekarar yunwar da dattawa ke kira El-Buhari, aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasar Adar da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, PAM na biyan ma'aikata da abinci. Maza sun tafi cirani, don haka mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin. Su suka yi dakon duwatsu a ka, suka jera su a kan fako don tare ruwa, suka haƙa ramuka a gangaren tsaunuka, aka dasa miliyoyin itatuwa. Turawa sun ɗauki hotunan wannan aiki, kafin da bayan, sun sa a rahotanninsu, sun nuna wa duniya. Hedikwatar FAO tana Rum. Yarinyar da ke aji shida a Keita fa, wadda wataƙila kakarta ce a cikin hoton da dutse a ka, ta taɓa ganinsa?

Haka Buza. Layukan dogon yaro da ke kare gonakin kwarin Maggiya daga iska, ƙungiyar CARE da manoman wurin suka fara dasa su a 1975. Yaro na ratsa inuwarsu kullum, yana zaton haka Allah ya halicci wurin. Sai mu shiga aji mu rubuta masa ma'anar kwararowar hamada a allo da Faransanci, ya haddace, ya manta. Da za a manna hoton kwarin na da kusa da na yau, ba sai mun yi dogon bayani ba.

Masu cewa tsarin karatu ya cika, babu lokaci, ina tambayarku: bikin ƙarshen shekara da ake kwana uku ana koyon rawa don manyan baƙi, daga ina lokacinsa ke fitowa?

Iyaye ma ba ku tsira ba. A ƙasan akwatin kowane gida akwai tsoffin hotunan aure, na hajji, na wanda ya tafi Abijan bai dawo ba, gara na cinsu. Ku ara wa makaranta na mako guda. Bangon aji da igiya da ƴan ƙusoshi sun isa. Yara su tambayi tsofaffi sunan kowa da shekarar, su rubuta a ƙasa.

Sauran aikin na magadan gari ne. Keita, Buza da Madawa su haɗu su rubuta wa ofishin FAO na Yamai takarda ɗaya su nemi kwafin hotunan nan, tun matan da ke cikinsu suna raye su nuna kansu da yatsa.