Biyayya Dabam, Wulaƙanci Dabam



Kwanan baya wata malama abokiyar aikina, Kirista ce 'yar wajen Roni, ta same ni a gida nan Babura idanunta jajur. Mijin ƙanwarta ya hana ta cefane, ya haɗa da duka. In ta buɗe baki sai ya ce ai Littafi Mai Tsarki ya ce mace ta bi miji. Na ce ta ɗauko littafin mu duba.

Gaskiya ne, a wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, sura 5 aya 22, an umarci mata su bi mazansu. To amma aya 21 da ke gabanta ta umarci masu bi duka, maza da mata, su yi wa juna biyayya. Aya 25 kuwa ta ɗora wa miji ƙaunar matarsa irin wadda ake ba da rai dominta. Wanda aka ce ya ba da ransa, ina dalilinsa na hana kwanon tuwo?

Haka kuma Romawa sura 13 ta ce a bi mahukunta, amma a Ayyukan Manzanni sura 5 Bitrus ya shaida wa majalisa cewa bin Allah ya riga bin mutum. Wani zai ce ayoyin sun saɓa. A ganina ɗaya tana yi wa ɗaya iyaka ne. A Yohanna sura 13 ma, malamin ne ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa. Ashe tawali'u daga babba yake farawa. Mu Musulmi ma an karantar da mu cewa ba a bin mahaluki a saɓa wa Mahalicci.

Tun 1932 aka buga littafin nan cikakke da Hausa, amma ƙanwar malamar an cire ta daga makaranta tana aji biyu. Saboda haka rabin aya aka karanta mata, ta zauna a kai tana kuka.

Matan aure, ku yi ladabi, ku yi haƙuri, amma in abu ya kai ga duka da yunwa, ku kai ƙara wurin iyaye da malamai ko dattawan ikilisiya. Ku kuwa 'yan makaranta, ku dage da karatu, domin kowace ta iya buɗe littafin addininta ta ga sauran ayar da idonta.

Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, amin.