Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

'Yan uwana mata, wai wa ya ce gyaran rediyo da fitilar caji aikin maza ne kaɗai? Matar da ta iya kwance keken ɗinki ta mayar, waya biyu ce za ta gagare ta? Amma da kin ce za ki koya, sai a ce kayan aikin tsada gare su. Haba jama'a!

Abin da za ki fara nema mitar gwaji ce, mai nuna miki ko batir ne ya mutu, ko waya ce ta tsinke. Kuma ba dole sai sabuwa ba. Avometer 8 mai allura, a Ingila aka fara ƙera ta a 1951, ba a daina ba sai 2008. Wannan ce za a yi wa gorin tsufa? Mu dai ƙyale-ƙyale ke ruɗarmu.

Sai dai kada ki sayi ta hannu ido rufe. Ki je da sabon batir a gwada a gabanki, allura ta tsaya wajen 1.5. Ki duba gidan batir ko ya yi tsatsa. Ita Avometer tana cin wani batir mai bolt 15 da ke wuyar samu, ki tambaya kafin ki biya. Ki kuma fara koyo da kayan batir, don wutar gida ba abokiyar wasa ba ce.

Ki rage anko ki tara kuɗin mita. Allah ya sa mu dace, amin.