Ruwa da Harshe a Ƙauyen Lahu

'Yan'uwana ɗalibai, wataƙila ba ku taɓa jin sunan Lahu ba. Al'umma ce da ke zaune a kan duwatsun lardin Yunnan na ƙasar Sin, da Myanmar, da arewacin Tailan. Masana harshe sun san su sosai, domin Farfesa James Matisoff ya wallafa nahawun harshensu a 1973, da ƙaton ƙamus a 1988.

To amma ni ruwansu ne ya dame ni. Ƙauyukansu a bisa tudu suke, ruwa kuwa gangare yake bi. Tun kaka da kakanni, gora suke tsagawa su yi indararo, su janyo ruwa daga marmaro zuwa cikin ƙauye. A Tailan, idan rani ya tsananta a Maris da Afrilu, marmaro yakan ja baya. Sai a gangara rafi da jarkoki, a hauro da su a baya, ga aladu da kaji suna jira. Shinkafar tudu da masara kuwa sai damina ta faɗi.

Abin haushi, mazauna kwari su suke zargi da kashe daji, alhali kamfanonin katako sun daɗe suna sara kafin gwamnati ta hana a 1989.

Wahala irin wannan tana cikin abin da ke kora matasa Chiang Mai neman aiki, 'ya'yansu su tashi da harshen Tai a baki. Shi ya sa nake ganin mai son raya harshen Lahu, kafin ya kunna rakoda, ya fara tambayar dagaci ko tankin ƙauyen da ruwa.