Noter: wa ya horar da shi, kuma wa yake yi wa aiki?

Duk wanda ya taɓa zama a harabar kotun Maraɗi ko ta Damagaram ya san shari'o'in da suka fi cika wurin: gida ɗaya mai shi biyu, gona da aka sayar da baki, gado da ya raba ƴan uwa ciki ɗaya. Akwai ma'aikaci guda da doka ta tanada domin a kashe irin wannan wuta tun ba ta tashi ba. Shi ne noter. Amma talaka bai san ƙofarsa ba.

Noter ba alƙali ba ne, ba kuma lauya ba. Lauya na ɓangare ɗaya ne, shi kuwa noter yana tsakiya, tilas ya yi wa mai saye da mai sayarwa adalci daidai. Gwamnati ke naɗa shi, ya yi rantsuwa gaban kotu, amma ba ya cin albashi, yana rayuwa da ladan aikinsa bisa farashin da hukuma ta ƙayyade. Takardar da ya sa wa hatimi hujja ce mai wuyar rushewa, kuma asalinta yana ajiye a ofishinsa ko bayan masu ita sun ƙaura.

Daga Faransa sana'ar ta zo. Dokar 16 ga Maris 1803, zamanin Napoleon, ita ta tsara ta. A lokacin mulkin mallaka, magatakardan kotu ne suke haɗa aikin da nasu. Sai a 1998 Nijar ta kafa wa sana'ar doka tata. Yarjejeniyar OHADA da aka sa wa hannu a Port-Louis a 1993 ta ƙara mata nauyi, tun da dokar kamfanoni da ta biyo baya ta sa masu kafa kamfani bi ta hannun noter.

To ina matsalar take? Tana cikin hanyar da noter yake bi kafin ya kai kujerarsa. Ya karanta shari'a a jami'a da Faransanci, ya koyi aiki shekaru a ofishin wani noter da Faransanci, ya ƙware a kan bashin banki da jinginar gidaje. Yawancin ofisoshin suna Yamai, inda bankuna da manyan ƴan kasuwa suke. Alhali tun dokar 1962 a kan tsarin kotuna, al'ada ce ake bi a sha'anin aure da gado da gonakin da ba su da rajista, kuma a ƙasar Hausa al'adar gado ta ginu ne a kan fiƙihun Malikiyya. Masanin da ya haddace dokar Napoleon amma bai iya rabon tumunin takaba ba, me zai ce wa gwauruwa a Madawa?

Wasu za su ce ƙauye yana da nasa: maigari, liman, da kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa. Haka ne, kuma sun yi aiki. Sai dai shaida yana mutuwa, maigari yana canzawa, fili kuwa kullum tsada yake ƙarawa a bakin birane. Rubuta yarjejeniya ma ba baƙon abu ba ne ga Musulmi: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta hannun marubuci adali take magana. A Maroko har yau adilai suna rubuta aure da gado da ciniki, hukuma ta yarda da su.

Gyaran ba ya bukatar dukiya mai yawa. A sa ilimin fara'id da al'adun filaye cikin horon noter. A wajabta masa karanta wa mutane takarda cikin harshen da suke ji kafin su dangwala yatsa, musamman da kundin 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. A buɗe ofisoshi a Tawa, Tasawa da Ƙonni, a kuma manna farashi a bakin ƙofa. Ma'aikatar shari'a da ƙungiyar notoci su sani: rigakafi ya fi magani, amma sai in mai rigakafin ya je inda cutar take.