Gona Da Rafi Ma Suna Bukatar Lauya

'Yan'uwa, in an ce lauya, mu kan tuna da mai shari'ar sata ko rigimar gado. Amma akwai lauyan da kan tsaya wa gona da rafi. Irinsa ne marigayi Oronto Douglas.

An haife shi a 1966 a Okoroba, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, ƙasar da man fetur kan malala cikin rafuka ya kashe kifi. Da ya gama karatun shari'a, shi da Nnimmo Bassey da abokansu suka kafa ƙungiyar kare muhalli, Environmental Rights Action, a 1993. A 1995 yana cikin lauyoyin da suka tsaya wa Ken Saro-Wiwa, mai kukan ɓarnar da haƙar mai ta yi wa ƙasar Ogoni. Ba su yi nasara ba, aka rataye shi da mutum takwas ran 10 ga Nuwamba. Duk da haka Douglas bai yi shiru ba. A 2001 shi da Ike Okonta suka wallafa littafi a kan aikin Shell a ƙasarsu. Daga baya ya zama mashawarcin Shugaba Jonathan, ya rasu a 2015.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Kafanchan da man fetur? To, ai in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dubi ramukan kuza da aka bari a ƙasar Jos. Tuna da 2010, sa'ad da gubar dalma wajen haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400 a Zamfara. A 2016 kuma aka ba da labarin an sami nikel a Dangoma, nan ƙasarmu ta Jama'a.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce kafin kamfani ya fara haƙa, sai ya ƙulla yarjejeniya da mutanen wurin a kan amfanin da za su samu. Amma ina amfanin doka ga dattijon da aka miƙa wa takarda ya dangwala yatsa, bai san abin da ke ciki ba?

Nan aikinmu yake, mu da za mu fita koyarwa. Lauya ba daga sama ya kan faɗo ba, daga aji ɗaya ya kan fara. Mu koya wa yara karatu sosai, mu kuma saba musu da tambaya kafin sa hannu. Wa ya sani, ko a bencin baya lauyan Dangoma yake zaune?