Alƙali Ba Ya Shari'a Sai Da Mai Ƙara

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata magana da ta yi yawa a bakin manyanku, yau kuwa da ita na ke jayayya. Da an ta da zancen ɓarnar da Turawa suka yi sa'ad da su ke cin ƙasashen nan, da zancen diyyar da baƙar fata ke nema a duniya, sai ka ji wani ya gyara zama ya ce, abin da ya wuce ya wuce. Wani kuma ya ce wannan aikin Gwamnati ne da manyan mutane, ina ruwan talakan Zango da shi? Duka biyu ban yarda da su ba, kuma zan gaya muku dalili.

Ku fara da abin da ku ka riga ku ka sani. Ba wanda ya taɓa zama a zauren alƙali ya ga alƙali ya tashi ya bi gari yana cigiyar wanda aka cuta. Wanda aka cuta shi ke zuwa da ƙafarsa, ya faɗi sunansa, ya faɗi abin da aka yi masa da ranar da aka yi, sa'an nan ya kawo shaidu. In jini aka zubar, magada ke tsayawa, su ke da ikon karɓar diyya, su ke da ikon yafewa. Mai wucewa a hanya ba ya yafe jinin da ba na gidansu ba. To, wanda ya ce abin da ya wuce ya wuce, wa ya naɗa shi wakilin matattu?

Ga abin da a ke so ku manta. A farkon 1899 Gwamnatin Faransa ta ta da rundunar yaƙi daga bakin kogin Kwara, ta nufe ta gabas zuwa tafkin Chadi. Shugabanninta Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine. Hanyarsu ta ƙasar Hausa ta bi, watau kudancin ƙasar da a ke kira Nijar yanzu. Garin da ya hana su hatsi ko 'yan alaro sai su sa masa wuta. A watan Afrilu suka faɗa wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, wadda ta tare su da baka da kibiya. A watan Mayu suka shiga Birnin Ƙonni suka kashe mutane ɗaruruwa. A farkon Yuli suka yi irin wannan a Koran Kalgo, wajen Tasawa, ba su bar mata ba, ba su bar yara ba.

Labari ya kai Faris ta wata wasiƙa da wani hafsan rundunar, Laftanar Péteau, ya rubuta gida. Aka aiko Kanar Klobb ya karɓi ragama. Ya biyo sawunsu, yana tarar da garuruwa sun zama toka. Ran 14 ga Yuli 1899 ya cim musu a Dankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Ba a yi kwana huɗu ba sojojinsu baƙaƙe suka juya musu baya suka kashe su duka biyu, kabarinsu yana Maijirgi. Sauran rundunar kuwa ba ta koma gida ba. Ta ci gaba, ta ci Damagaram a ƙarshen wannan watan, daga baya aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Ku lura da wannan, gama nan ne gizo ke saƙa. Faransa ta ce mutum biyu ne suka haukace, amma ƙasar da mahaukatan suka share mata hanya ba ta mayar ba, ta riƙe ta har 1960.

Ku ɗauko taswira ku duba. Daga Zango zuwa iyaka ba nisa, Damagaram tana arewa da mu, Tasawa tana arewa maso yamma. Harshenmu ɗaya da mutanen can, muna cin kasuwa tare, muna auratayya. Zanen da Ingilishi da Faransa suka ja a takarda shi kaɗai ya sa a ke ce da su 'yan wata ƙasa.

To, me jikokin waɗancan mutane suka yi? Ba su jira Gwamnati ba. Wani malamin makaranta mai koyar da tarihi a Junju, cikin jihar Doso, ya shiga bin tsofaffi yana tattara abin da suka ji daga iyayensu. A 2020 aka fito da wani majigi mai suna African Apocalypse a kan hanyar da rundunar ta bi, aka juya shi da Hausa, mutanen garuruwan suka ga labarin kakanninsu da idonsu. Suka haɗa kai, suka sami lauya, suka kai kuka ga jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da irin wannan ƙara. Abin da su ke nema da fari shi ne a buɗe musu takardun da ke ajiye a Faransa, a amsa laifi, a yi abin tunawa da matattu. A 2025 jami'in ya rubuta wa Faransa, ita kuwa ta amsa cewa ƙofarta a buɗe ta ke ga tattaunawa da hukumomin Nijar. Ba ta amsa laifi ba, ba ta biya ko anini ba. Amma ku auna: bayan shekara 126, sai ga mutanen ƙauye sun sa ta ɗauki alƙalami.

Mai gardama zai ce, ai ba a biya ba, ina amfanin wahala? Bari in kai shi Kenya. A shekarun 1950 Gwamnatin Ingilishi ta tsare dubban mutane a sansani saboda tawayen Mau Mau, aka yi musu azaba mai muni. Suka tsufa cikin talauci, amma suka kafa ƙungiyarsu, suka bi ƙauyuka suna rubuta sunaye, kowa da abin da aka yi masa. A 2009 tsofaffi biyar suka shigar da ƙara a London. Shari'ar nan ce ta tono dubban takardun zamanin mulkin mallaka da aka ɓoye a Hanslope Park, aka fito da su a 2011. A watan Yuni 2013 Ministan Harkokin Waje na Ingila, William Hague, ya tsaya gaban Majalisa ya bayyana nadamar Gwamnati, aka biya fam miliyan 19.9, har da kuɗin lauyoyi, saboda mutum 5,228. Ku dubi wannan adadi da kyau. Ba a ce kamar dubu biyar ba, an ce 5,228, domin kowane ɗaya yana da suna a takarda. Wanda ba a rubuta ba, bai sami kome ba.

Yanzu ku gwada wannan da hanyar manya. A watan Afrilu 1993 aka yi babban taro a Abuja a kan diyyar bauta da mulkin mallaka, da goyon bayan Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Cif M.K.O. Abiola ne jagora, ya kashe dukiyarsa da ƙarfinsa, Allah ya saka masa. Aka fitar da sanarwa mai kyau. Bayan wata biyu rikicin zaɓen 12 ga Yuni ya tashi, aka tsare shi a 1994, ya rasu a 1998, magana ta yi sanyi a ƙasar nan. Ba laifinsa ba ne. Rumfar da ke tsaye a kan dirka ɗaya, ranar da dirkar ta karye, ranar rumfar ke faɗuwa. Har wa yau a 2021 Jamus ta amsa cewa abin da ta yi wa Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908 kisan ƙare-dangi ne, ta yi alkawarin Yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30. Amma da Gwamnati ta yi ciniki, shugabannin ƙabilun da yawa suka ce an yi musu aski ba su nan, suka ƙi. Tarayyar Afirka ta sa wa shekarar 2025 sunan shekarar neman diyya, madalla. Sai dai taro a babban masauki ba ya maye gurbin shaidar tsohuwar da ta san rijiyar da aka jefa kakanta.

Wani zai ce neman diyya baƙon abu ne, Turawa ba su san shi ba. Sun san shi sarai. Da Ingila ta yi dokar soke bauta a ƙasashenta a 1833, ta ware fam miliyan 20 na diyya, amma iyayen gijin bayi ta biya, bayin ba su sami ko sule ba. A 1825 Faransa ta ɗora wa Haiti faran miliyan 150 a bakin 'yancin da bayi suka ƙwata da jininsu. Ashe ba biyan ne ba su iya ba, wanda za a biya ne su ke zaɓe. A Amurka kuwa wata mai wankau, Callie House, wadda aka haifa cikin bauta, ta taimaka aka kafa ƙungiyar 'yantattun bayi a ƙarshen shekarun 1890, suna neman fensho daga Gwamnati. Kowa ya kan ba da ɗan abin da ya samu, da shi su ke jinyar marasa lafiyarsu, su binne matattunsu. An ɗaure ta a 1917, ba a biya su ba, amma masu neman diyya a can har yau da sunanta su ke farawa.

Saura magana mai ɗaci, ba kuwa zan tsallake ta ba. Akwai mai cewa, mu ma ai mun yi bauta, mun kai hari, mun sayar da mutane a kasuwa, da wane baki za mu yi ƙara? Rabin maganarsa gaskiya ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amma bashin da ke kanka ba ya soke bashin da ka ke bi, sai dai a biya duka biyu. Ku ji abin da ya faru a ƙasar Ƙonnin nan da Voulet ya ƙona. Wata yarinya, Hadijatou Mani, an sayar da ita a 1996 tana da shekara 12. Ƙungiyar Timidria, wadda 'yan Nijar suka kafa a 1991 don yaƙi da bauta, ta tsaya mata. A watan Oktoba 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta sami Gwamnatin Nijar da laifin rashin kare ta, ta yanke a biya ta sefa miliyan 10. Wanda ya yi murna da hukuncin London, ya ɓata rai da wannan, ba adalci ya ke so ba, kuɗin Bature ya ke so.

Mu mutanen Zango kuwa mun fi kowa rashin hujjar cewa abin da ya wuce ya wuce. Wajen 1805 aka fitar da Sarkin Gwari Abdu daga Daura a lokacin jihadi. Zuriyarsa suka zauna a nan Zango, suka riƙe jerin sarakunansu da sarautunsu da labarin gidansu, uba yana gaya wa ɗa. Bayan shekara kamar ɗari, a farkon mulkin Ingilishi, aka mayar da Sarkin Zango Malam Musa gadon Daura. Ban kawo wannan don in ta da tsohuwar gaba ba, an zama ɗaya tuni, Ingilishi kuma don gyaran mulkinsu suka yi. Abin lura shi ne, ranar da ƙofa ta buɗe, an tarar da masu magana a shirye, sun san abin da su ke nema, sun san asalinsa. Da sun manta, wa za a mayar?

Saboda haka ga aikinku, ba ya bukatar izinin kowa. In an ba ku hutu, kowa ya sami littafi ɗaya sabo. Ku je wurin tsofaffin gidanku da na unguwa, ku gaishe su da ladabi, ku tambaye su abin da suka ji daga iyayensu: zuwan Turawa, da aikin tilas, da haraji da jangali, da waɗanda aka ɗauka soja aka kai Bama a yaƙin Hitila, da abin da aka sallame su da shi, da waɗanda suka gudo daga ƙasar Faransa, da waɗanda aka kama bayi da inda aka kai su. Ku rubuta sunan mai ba da labari, da wanda ya gaya masa, da sunan gari, da ranar da ku ka rubuta. Kada ku ƙara gishiri, gama shaidar ƙarya ɗaya ta kan rushe ta gaskiya goma. Abin da tsoho ya ce sirri ne, ku bar shi sirri. In kun komo, ku haɗa littattafan wuri ɗaya a makaranta, ku kwafe su biyu, kada gara ta cinye aikin shekara a dare ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ban yi muku alkawarin za ku ga kuɗi ba. Watakila ku gani, watakila sai jikokinku. Amma tsofaffin da suka ji daga bakin waɗanda suka gani da ido suna ƙarewa, kowace damina da wanda ta ke tafiya da shi. Wanda ya ce ku bari sai manya sun shirya, ku tambaye shi ko mutuwa ma za ta jira manya. Allah ya ba ku himma, ya jiƙan waɗanda aka kashe ba da hakki ba, amin.

Wani malamin makaranta, Zango.