Teburin Sinuka: A Kakkarya Shi Ko A Sa Masa Linzami?

Ran Litinin, 5 ga watan Mayu, 2025, a wani gidan wasa da a ke kira Crucible, cikin birnin Sheffield na ƙasar Ingila, wani saurayi mutumin ƙasar Sin mai suna Zhao Xintong ya ci gasar duniya ta wasan sinuka. Wanda ya kara da shi a wasan ƙarshe tsohon hannu ne, Mark Williams, mutumin Wels, ɗan shekara 50, wanda ya taɓa cin gasar har sau uku. Zhao ya ci zubi 18, Williams ya ci 12. Aka miƙa wa saurayin nan kofi, aka kuma ba shi fam 500,000. Tun da aka fara gasar a 1927, shi ne mutumin Asiya na farko da ya ci ta.

Watakila mai karatu ya ce, to, ina ruwan mutumin Daura da abin da aka yi a Sheffield? Da ruwansa ƙwarai. Duk wanda ya zaga birnin Daura da la'asar sakaliya, ko ya bi ta bakin tasha a Mai'adua ko Zango, da wuya ya rasa ganin wata rumfa da samari suka yi wa zobe, ɗaya ya sunkuya bisa teburi ya auna sanda, saura sun zuba ido. Wasan nan ya riga ya shigo ƙasarmu, ya yi zaune, ba kuwa wanda ya yi masa iso. Iyaye da yawa suna ƙinsa, suna cewa matattarar caca ce da zaman banza, a kakkarya teburan kowa ya huta. Samari kuwa suna cewa wasa ne kawai, kamar dara. Mu a ganinmu kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, labarin Zhao kuwa ya taɓo duka biyun, don haka muka ga ya kamata a dube shi da kyau.

Amma da fari sai mu raba tsakanin abu biyu da a ke haɗawa. Abin da samarinmu su ke bugawa a rumfa, a bisa ƙaramin teburi na katako, da ƙwallaye 15 masu lamba, ƙanen sinuka ne, sunan kawai ya ara. Teburin sinuka na sosai tsawonsa kusan ƙafa 12 ne, faɗinsa 6, ƙarƙashin kyallen nan kore kuwa falalen dutse ne guda biyar da aka goge sumul, nauyin teburin ya fi tan guda. Ƙwallayensa 22: fara ɗaya wadda a ke bugawa da sanda, jajaye 15, da masu launi 6. Ja maki 1 ce, rawaya 2, koriya 3, mai ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, mai ruwan hoda 6, baƙa 7. Doka ita ce ka jefa ja a rami, sa'an nan mai launi, sa'an nan ja kuma, har jajaye su ƙare. Wanda ya bi kowace ja da baƙa, ya kuma share sauran bi da bi ba tare da kuskure ba, ya tara maki 147, iyakar abin da a ke samu ke nan bisa al'ada a shiga guda. Ronnie O'Sullivan na Ingila ya yi haka a 1997 cikin minti 5 da daƙiƙa 8. Gwani yakan buga ƙwallon da ke gabansa ne alhali hankalinsa yana kan inda fara za ta tsaya bayan bugu uku ko huɗu. Yaron da ya iya wannan lissafi, ba daidai ba ne a kira shi daƙiƙi.

Abin da ya fi ba mu sha'awa a wajen Turawa, shi ne yadda suka tsara darajar 'yan wasa. Tun 1976 su ke da jerin gwanaye. A tsarin yanzu, kuɗin da mutum ya ci a waɗansu gasanni ƙayyadaddu cikin shekara biyu da suka wuce shi a ke tarawa, a jera sunaye daga na sama har na ƙasa. A kakar 2024 zuwa 2025 irin waɗannan gasanni 18 aka yi. Mutum 16 na sama su ke shiga Crucible kai tsaye, saura sai sun yi ta fafatawa a wasannin share fage don su sami sauran gurabe 16. Wanda ya faɗo ƙasa da na 64 yana iya rasa takardarsa ta ƙwararre. Ba a duban ɗan wane ne kai, ba a kuma duban abin da ka yi shekara goma da suka wuce. Kuɗin da ka ci bara waccan, da ya cika shekara biyu sai a goge shi, in ba ka ci wani ba ka gangaro.

To, ga inda labarin ya ke da ɗaci. Shi Zhao ɗin nan ba baƙo ba ne a jerin. A 2021 ya ci babbar gasar Birtaniya, ya cinye Luca Brecel na Beljiyam 10 da 5, a farkon 2022 kuma ya ci ta Jamus, ya yi wa ɗan ƙasarsu Yan Bingtao 9 da babu. Yana cikin ganiyarsa sai aka dakatar da shi a watan Janairu, 2023. Bincike ya tono cewa waɗansu 'yan wasan ƙasar Sin suna sayar da wasa, watau a shirya da 'yan caca tun da wuri wanda zai faɗi, ko kuwa da nawa za a tashi. A watan Yuni na shekarar nan aka yanke wa mutum goma hukunci. Biyu daga cikinsu, Liang Wenbo da Li Hang, waɗanda aka samu da jan ƙananan yara cikin abin, aka kore su har abada. Yan Bingtao, wanda a ke ganin zai gāji manya, aka hana shi wasa shekara biyar. Shi Zhao ba a same shi da sayar da nasa wasan ba, amma ya amsa cewa yana da hannu a lokacin da wani ya sayar da nasa, ya kuma amsa cewa shi kansa ya yi caca a kan wasanni. Aka hana shi wata 20.

Iyayen da su ke tsoron teburin nan, ashe ba su yi ƙarya ba. In caca ta iya shiga ɗakin da a ke da alƙalin wasa sanye da farin safar hannu, da na'urorin ɗaukar hoto ta kowace kusurwa, ta lalata samari goma waɗanda su ke samun abincinsu da halaliyar sana'a, ina ga rumfar bayan tasha inda ba mai dubawa? A can abin yakan fara ne da cewa wanda aka cinye shi zai biya kuɗin teburi. Gobe sai a ce a ɗora wani abu kaɗan don wasa ya yi armashi. Jibi kuɗin cefanen da aka aiki yaro da shi ya tafi, gata ya ci bashi, daga nan sai ɗauke-ɗauke a gida. Addininmu ya haramta caca tun kafin a san za a yi wani abu wai shi sinuka, ba kuwa a kan teburi kaɗai ya haramta ta ba.

Amma a dubi sauran labarin. Hukumar wasan ba ta ce tun da an sami ɓata-gari a rufe gasar duniya ba. Ta bincika, ta bambanta laifin babba da na ƙarami, ta yanke wa kowa daidai nasa, ta kuma bar ƙofa a buɗe ga wanda ya gama horonsa. Wa'adin Zhao ya cika ran 1 ga Satumba, 2024. Sunansa ya riga ya fita daga jeri, sai ya koma can ƙasa cikin masu neman shiga, yana buga ƙananan gasanni a ɗakunan da ba 'yan kallo. Da gasar duniya ta zo, sai da ya ci wasa huɗu na share fage kafin ya taka Crucible, can kuma ya ci biyar, ciki har da O'Sullivan mai kofi bakwai, wanda ya cinye 17 da 7 a wasan kusa da na ƙarshe. Daga babu ya hau na 11 a jerin duniya. Waɗansu 'yan wasa sun yi gunaguni, suna ganin an yi masa sauƙi, mu ma ba mu ce a manta da abin da ya yi ba. Abin da mu ke nunawa shi ne, laifin ya fito fili ne sabo da akwai hukuma mai littafi da doka. A rumfunanmu wa zai kama wa? Wa ya san sunan wa?

Masu cewa wasan Turawa ne, bai dace da mu ba, sai su waiwaya Katsina. Hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙago sinuka a Indiya wajen 1875, su ne kuma suka ɗauko ƙwallon doki, watau holo, daga can Indiyar suka yaɗa shi. Da holo ya iso ƙasar nan, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko bai bar shi a hannun baƙi ba. Ya karɓe shi, ya sa 'ya'yansa da fadawansa a kai, aka yi masa fili da ƙa'ida. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ya gwanance har ya kai daraja ta 7 a ma'aunin 'yan holo, wanda iyakarsa 10. Yau ba mai cewa holo baƙo ne a Katsina. Haka ƙwallon bango da a ke bugawa da tafin hannu, wadda 'yan Kwalejin Katsina suka koya, Sardauna Ahmadu Bello ma gwaninta ne. Bambancin waɗannan da sinuka guda ne: su ta ƙofar fada da ta makaranta suka shigo, shi kuwa ta bayan gida, manya suka kau da kai.

Ba mu ne Musulmi na farko da suka gamu da wasan nan ba. Muhammad Asif na Pakistan ya ci gasar duniya ta waɗanda ba ƙwararru ba a 2012 da 2019. Hossein Vafaei ya zama mutumin Iran na farko da ya ci gasa mai daraja a 2022. A Riyad, cikin 2024, Judd Trump ya cinye Williams 10 da 9 a kan fam 500,000, a 2025 kuma aka yi gasar a Jidda, Neil Robertson na Ostareliya ya cinye O'Sullivan, shi ma 10 da 9. Ita kanta ƙasar Sin, shekara 20 kacal ke tsakanin ranar da Ding Junhui, yana ɗan shekara 18, ya cinye Stephen Hendry a Beijing cikin 2005, da ranar da Zhao ya ɗaga kofi. A 2025 ɗin nan, mutum goma cikin 32 da suka shiga Crucible 'yan ƙasar Sin ne.

Kada a ɗauka muna yi wa samarin Daura alkawarin fam 500,000. Teburin sosai yana da tsada, hanyar kuwa doguwa ce, mafi yawan masu bin ta ba su kai ko'ina. Yaron da ya bar makaranta ko sana'a don sinuka ya yi wauta. Abin da mu ke nema ƙarami ne, yana kuma cikin ikonmu. Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce: Daura, Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure. Kowane teburi a cikinsu yana unguwar wani mai unguwa. Sai a rubuta sunan mai teburi a wajen mai unguwa da ƙaramar hukuma, a gindaya masa sharaɗi: ba ɗan makaranta a lokacin karatu, a tashi in an kira salla, a rufe da dare a kan lokaci sananne, kuɗin hayar teburi kaɗai zai karɓa. Wanda aka kama ana caca a rumfarsa a ja masa kunne sau ɗaya, na biyu a ɗauke teburin. In aka hana abin ɗungum, teburan ba ɓacewa za su yi ba, cikin zaure da kango za su koma, inda ko mai unguwa ba ya gani.

Sa'an nan a ba samarin abin da za su yi takara a kansa wanda ba kuɗin juna ba. Galibin masu ɗora kuɗi a teburi, neman abin da zai nuna wane ya fi wane su ke yi, jerin gwanaye kuwa aikinsa ke nan. Littafi guda da malami guda mai amana sun isa a fara. Kowace ƙaramar hukuma ta yi gasarta ko da sau huɗu a shekara, a kan teburan da a ke da su, a ba da maki maimakon kuɗi, a lika jerin a inda kowa zai gani. Wanda aka samu da caca a goge sunansa na wani lokaci, in ya gama ya faro daga ƙasa, kamar yadda aka yi wa Zhao. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Daura, da jami'ar sufuri. In ɗayansu, ko wani attajiri mai kishin garinsu, ya sayi teburin sosai guda ɗaya tak ya sa a ɗakin da ke da mai kula, yaran da suka yi fice za su ga yadda wasan gaske ya ke.

Muna roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Allah ya ƙara masa nasara, da hakimansa da shugabannin ƙananan hukumomin nan biyar, su zauna da masu teburan su ji ta bakinsu kafin a yanke wata shawara. In abin ya yiwu, a ɗauki mutum 16 na saman jeri a yi wasan ƙarshe a birni cikin makon Sallar Gani, sa'ad da hakimai da jama'arsu su ke hallara, a yi shi da rana, a fili, iyaye suna kallo.